Rikicin Jam'iyyar Giwa: Asarar Ta Kowa Ce

Jama'a, duk ɗan kasuwa ya san cewa ranar da dillali ya zama shi kaɗai a kasuwa, farashin da ya ga dama shi zai yanka. Haka mulki yake. Shi ya sa rigimar cikin gida ta jam'iyyar NPP ta shafe mu, ko da lemar NDC muka dangwala wa.

A watan Satumba na 2023 Alan Kyerematen ya fice daga jam'iyyar. A Nuwamba Dokta Mahamudu Bawumia ya kayar da Kennedy Agyapong a zaɓen fid da gwani, amma zukata ba su haɗu ba. Da zaɓen Disamba 2024 ya zo, John Mahama ya lashe sama da kashi 56 cikin ɗari, giwa kuwa ta tashi da kujeru ƙasa da 90 cikin 276 na majalisa. Tsadar rayuwa da faɗuwar sidi su ne kan gaba wajen kayar da ita, sai dai masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ba sabon abu ba ne a Ghana. A 1979 gidan Danquah da Busia ya rabu biyu, Victor Owusu a PFP, William Ofori Atta a UNC, Dokta Hilla Limann ya wuce ta tsakaninsu. Kafin zaɓen 2000 Goosie Tanoh ya ɓalle daga NDC, Kufuor ya hau.

To, mene ne ruwan mai sayar da masara a Aboabo ko mai sarin albasa a Bawku? Mu tuna harajin E-Levy. Gwamnatin NPP ta so cire kashi 1.75 cikin ɗari daga kuɗin da muke turawa ta waya. A lokacin majalisa ta rabu 137 da 137, da ɗan takara mai zaman kansa guda. 'Yan adawa, ƙarƙashin Haruna Iddrisu na Tamale ta Kudu, suka tsaya kai da fata har aka rage shi zuwa 1.5 kafin ya zama doka a Maris 2022. A 2025 aka soke shi gaba ɗaya. Haɗin kan adawa ne ya rage mana wannan nauyi.

Yanzu NDC ce ke riƙe da madafun iko, da gagarumin rinjaye. In gobe aka ƙara kuɗin kwastan a Paga, ko shingaye suka yawaita a hanyar Bolgatanga, wa zai tashi a majalisa ya yi tambaya?

Saboda haka muna kira ga dattawan NPP su zaunar da 'ya'yansu, su daina tonon silili a gidajen rediyo, su koma bin diddigin kasafin kuɗi. Mu kuma 'yan kasuwa, duk ɗan siyasar da ya zo gaisuwa, mu tambaye shi abin da ya faɗa a majalisa game da haraji da kan iyaka. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin tsoronSa.