Jam'in Hausa da Ragar da ke Koya wa Kanta

Tun a shekarar 1943, lokacin da McCulloch da Pitts suka siffanta ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa da lissafi, masana ke ƙoƙarin gina wata irin raga a cikin kwamfuta. Kowane ƙulli na ragar yana karɓar saƙo, ya auna shi, ya miƙa wa maƙwabtansa. Babu shugaba a cikinsu, kuma ba a rubuta musu doka. Donald Hebb ya nuna a 1949 cewa alaƙar ƙwayoyin da ke motsawa tare takan ƙara ƙarfi, a 1982 kuma Teuvo Kohonen na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro ragar da ke jera abubuwa masu kama da juna kusa da juna ba tare da malami ba. Ra'ayina shi ne manazarta Hausa na da ta cewa a wannan fage, kuma sun daɗe suna yin shiru.

A 1986 Rumelhart da McClelland sun koya wa irin wannan raga shuɗaɗɗen lokaci na aikatau ɗin Ingilishi, suka ce ta iya ba tare da ƙa'idar nahawu ba. Pinker da Prince suka mayar da martani a 1988, cewa tilas akwai ƙa'ida guda a zuciyar mai magana, sauran kalmomin da suka kauce mata kuwa haddace su ake yi. Amma Ingilishi ɗafi ɗaya ne ke mamaye yawancin aikatau ɗinsa, don haka gwajin bai yi tsauri ba.

A dubi jam'in Hausa: gida da gidaje, riga da riguna, malami da malamai, jirgi da jirage, dutse da duwatsu, kare da karnuka. Wace ce ƙa'ida a nan, wanne ne kuma ya kauce? Duk da haka, Bahaushe bai yi dogon tunani ba ya ce motoci, tayoyi, asibitoci, kwamfutoci. Ararrun kalmomi da yawa sun bi wannan sahu. Shin ƙa'ida ce ke jan su, ko kuwa kamanni da yawan ji, kamar yadda masu raga ke da'awa? Ana iya gwadawa: a ƙirƙiro sunayen da babu su a harshen, a nemi jam'insu daga yaran Kano, Sakkwato da Damagaram, sannan a tambayi ragar, a kwatanta amsoshi da kurakurai.

Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne. Ai kuwa injiniya rubutu yake ɗura wa ragarsa, ƙa'idojin rubutunmu kuma ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali. Alhali jam'i irin na motoci karinsa sama-sama ne tun daga farko har ƙarshe, na riguna kuwa yakan faɗi a gaɓar ƙarshe. Ragar da ba ta ji wannan ba rabin harshen ta gani, kuma duk hukuncin da aka gina a kanta gurgu ne.

Mu ne muka gaji ƙamus ɗin Bargery na 1934 da nahawun Newman na 2000, masu ɗauke da waɗannan alamomi. Ya kamata sassanmu su tanadi jerin sunaye da jam'insu, da kari da wasali da bambancin kare-kare, su zauna da sassan kimiyyar kwamfuta a matsayin abokan bincike. Idan muka ƙi, wasu za su yanke hukunci a kan Hausa da ma'aunin da bai san muryarta ba.