Fanken Gashi Mai 'Ya'yan Itace: Girkin Mutum Ɗaya

 

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san awon girkinmu na taro ne. Uwargida da mudu take auna gari, tukunyarta kuwa ta ciyar da mutum goma har a ajiye na baƙo. Amma a New Bell da sauran unguwanninmu na Duwala akwai jama'a masu yawa da ke kwana su tashi su kaɗai a ɗaki guda: samarin da suka zo neman na kansu daga Garwa, Marwa, Ngaundare, Maraɗi ko Kano, da ɗaliban Jami'ar Duwala, da masu gadi, da dattijuwar da 'ya'yanta suka yi aure suka watse. Galibinsu ba sa hura wuta, domin ba a taɓa nuna musu yadda ake girka abin da ciki ɗaya zai cinye ba. Da safe makala da wake da koko a bakin titi, da dare shayi da burodi, haka kwanaki ke tafiya har jiki ya fara nunawa. Alhali kuwa sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga kuma wata asara da ke tafiya tare da wannan. Allah ya wadata garin nan da 'ya'yan itace. Motoci na sauke ayaba da abarba da gwanda daga gonakin Njombe da Penja, a kasuwar Sandaga da babbar kasuwar New Bell ana sayar da su kashi-kashi. To amma mutum ɗaya idan ya sayi kashi, ba ya iya cinye shi. Garin da ruwan samansa ke haura milimita 3,500 a shekara, ga zafi ga laima, ayaba ba ta kwana uku ba ta yi baƙi ba, daga nan sai kwandon shara. Girkin da muka kawo muku yau yana maganin matsalolin nan biyu, domin ayabar da ta nuna luguf ita ce ma ta fi dacewa da shi.

Fanke ne, amma gasa shi ake yi, ba a tsoma shi a mai. Asalinsa daga Turai yake. A yankin Limuzan na ƙasar Faransa suna zuba irin wannan ƙullu a kan 'ya'yan itace su gasa, suna kiransa kilafuti, wasunmu da suka yi aiki a gidajen cin abinci na Akwa da Bonanjo sun san shi. Mun rage awonsa zuwa na mutum ɗaya, da ma'aunin da ke kowane gida, wato ƙaramin gwangwanin tumatir mai giram 70, a wanke shi tas.

Abubuwan da ake bukata su ne: ƙwai 1, fulawa cikin gwangwani 1, madara cikin gwangwani 1, sukari babban cokali 1, gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, man shanu ko bota babban cokali 1, sai ayaba 1 nunanniya. Wanda ba shi da madarar ruwa ya dama ta gari, babban cokali 1, a ruwa cikin gwangwani. Mai son ƙamshi ya ƙara ɗan garin citta ko kirfa.

A fasa ƙwan a kwano, a zuba madara da gishiri da rabin sukarin, a kaɗa da cokali mai yatsu. Sannan a riƙa zuba fulawar kaɗan-kaɗan ana kaɗawa har gudaji su mutu. Ƙullun zai fito da ruwa-ruwa kamar koko mara kauri, kuma haka ake son sa. A rufe shi ya huta minti 10. Kafin nan a sami ƙaramin kwanon ƙarfe ko kasko wanda faɗinsa bai wuce tafin hannu buɗe ba, a ɗora a wuta, a narkar da man, a yanka ayabar a ciki, a barbaɗa sauran sukarin, a bar ta minti 2 ta yi ja. Tun kwanon na da zafi a juye ƙullun a kai, a sa a gashi nan take. Mai murhun gas da ke da wurin gashi ya sa zafinsa a digiri 200, minti 15 zuwa 20 sun isa.

Rashin irin wannan murhu ba zai hana kowa ba. Matan Kamaru sun daɗe suna gasa kek a tukunya. A zuba yashi mai tsabta, busasshe, kaurin yatsu biyu a gindin babbar tukunya, a rufe, a ɗora a wuta minti 10 ta ɗauki zafi. Sai a ajiye ƙaramin kwanon a kan yashin a mayar da murfi. Idan da gawayi ake aiki, a ɗora 'yan garwashi a kan murfin domin saman ya yi ja. A nan gashin kan kai minti 20 zuwa 25. An san ya nuna idan gefensa ya tashi ya yi ja, aka kuma soka tsinke a tsakiya ya fito babu ɗanyen ƙullu.

Masu karatu za su lura babu yis a cikin wannan haɗi. Abin da ke tayar da shi tururi ne: ruwan da ke cikin madara da ƙwai yana haɗuwa da zafin kwano ya zama tururi, ya tura ƙullun sama, ƙwan kuma ya daskare ya riƙe shi. Shi ya sa ake son kwanon ya yi zafi tun farko, shi ya sa kuma ba a buɗe murfi kafin minti 15. Idan an sauke zai ɗan lotsa, wannan ba laifin mai girki ba ne. A ci shi da zafinsa.

Lokacin mangwaro ana iya musanya ayaba da mangwaro rabin ƙwaya. Abarba da gwanda kuwa suna da sharaɗi: ɗanyensu na ɗauke da wani sinadari da ke tsinka madara ya sa ta ɗaci, zafi ne ke kashe shi. Saboda haka a soya su a man minti 4 ko 5 har ruwansu ya tsotse kafin a zuba ƙullu. Dattijo da ba ya son zaƙi da yawa ya bar sukarin, na ayabar ya wadatar.

Akwai gargaɗi guda da muke roƙon a riƙe da kyau. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, mutane kan shigar da murhun gawayi ɗaki su rufe ƙofa. Gawayi na fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum yana barci. A yi gashin a baranda.

Kiranmu ga iyaye mata shi ne, yaron da zai bar gida zuwa karatu ko neman sana'a a tsayar da shi a madafa ya gwada wannan da hannunsa sau biyu ko uku kafin ya tafi. Maƙwabciyar da ke da tsohuwa ko mara lafiya a gefenta kuma, ga abu mai laushi da ba ya bukatar haƙori, ƙwai ɗaya ne da rabin awa. Wanda ya ga baƙo ya shigo yana tsakar haɗawa, ya ninka komai biyu ya nemi kwano mai ɗan faɗi.