Kati a Hannu, Rumfa a Wani Gari

Kafin zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairu, 2023, hukumar zaɓe ta INEC ta ce mutum miliyan 93.4 ne ke cikin rajista, kuma miliyan 87.2 sun karɓi katinsu. Da aka ƙidaya ƙuri'u, kusan miliyan 25 kacal aka samu. An ɗora laifin a kan ƙarancin takardun naira da yanke ƙauna daga 'yan siyasa, kuma da gaskiya a ciki. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika ambata ba: katin zaɓe ba ya aiki sai a rumfar da aka rubuta a jikinsa.

Na'urar BVAS da ke duba yatsa ko fuska tana ɗauke ne da sunayen mutanen rumfa ɗaya. Amaryar da aka kawo Kano daga Gusau za ta iya ciro katinta daga ƙasan akwati, ta bi layi tun da sassafe da goyo a baya, amma in ta iso gaban tebur jami'i ba zai ga sunanta ba. Haka ɗan ci-ranin da ke sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, rumfarsa tana can ƙauyensu. Komawa gida kuɗin mota ne na kwana biyu, ga shi ranar zaɓe 'yan sanda kan hana zirga-zirga. Waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina kuwa, rumfarsu tana inda ba sa iya kwana.

Doka ta ba mutum damar rajista inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko asalinsa, kuma wanda ya tashi zai iya neman a mayar da sunansa sabuwar unguwarsa. Mutane da yawa ba su san haka ba, sai su je su sake rajista daga farko, abin da doka ta haramta. A rajistar 2021 zuwa 2022, cikin mutum miliyan 12.3 da suka kammala, INEC ta soke sunaye miliyan 2.78, saboda rajista sau biyu ko rashin cika sharuɗɗa.

A 2021 hukumar ta ƙara rumfuna daga 119,974 zuwa 176,846 don rage cunkoso. Amma da zaɓen 2023 ya zo, rumfuna 240 ba su da mai zaɓe ko ɗaya, domin ba wanda ya yi rajista ko ya mayar da sunansa can.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Shafin intanet na INEC yana da amfani, amma bai kai ga mai dako ko matar da ke kulle ba. Ya kamata hukumar ta fitar da na'urorinta daga sakatariyar ƙaramar hukuma zuwa tashoshin mota, ranakun kasuwa da sansanonin 'yan gudun hijira, da jami'ai mata a cikin tawagar. Gidajen rediyo su daina tsayawa a kan "je ka yi rajista", su bayyana yadda ake sauya rumfa. Mai unguwa ya san gidan da aka kawo amarya bana da ɗakin da baƙi suka kama haya. Shi da limamin unguwa su ne za su fi saurin kai wannan saƙo kafin a rufe rajista.