Kafin Ka Shiga Hamada Da Ƙafa, Ƙirga Ruwanka

Ranar 20 ga Agusta, 1860, wani ayari na mutum 19 ya tashi daga Melbourne da nufin ratsa Ostareliya daga kudu zuwa arewa. Madugunsu, Robert O'Hara Burke, ɗan sanda ne da bai taɓa jan ayari a daji ba. Kayansu sun kai kusan tan 20, har da teburin cin abinci. A ƙarshen Yunin 1861 shi da mataimakinsa William Wills suka rasu a bakin rafin Cooper Creek, ruwa na gabansu. Yunwa ce ta kashe su, a ƙasar da mutanen Yandruwandha suke zaune suna ci suna ƙoshi. Waɗannan mutane sun yi ta kawo musu kifi da wainar irin wani tsiro mai suna nardoo, sai Burke ya harba bindiga ya kore su. Da baƙin suka koma sarrafa irin da kansu ba su iya ba, ya riƙa cika musu ciki yana ƙarar da ƙarfinsu. John King, abokin tafiyarsu da ya koma hannun 'yan ƙasar, shi ya rayu. Da ɗan gari akan ci gari, ko a wace nahiya ce.

Ra'ayina shi ne, a cikin abubuwan da mai tafiyar ƙasa a busasshen daji yake bukata, ƙarfin jiki ne na ƙarshe. Na farko lissafi ne, kuma lissafin ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a gadon bayanka, ga shi mai tafiya cikin tsananin rana yana iya zubar da gumin lita guda a awa ɗaya. Ke nan ba za ka taɓa iya ɗaukar abin da zai ishe ka kwanaki da yawa ba. Dole a tsara tafiyar daga rijiya zuwa rijiya, a kuma tambayi wanda ya fito can kwanan nan ko rijiyar ba ta ƙafe ba. Idan rabin ruwanka ya ƙare ba ka ci rabin hanya ba, juya. Babu abin kunya a ciki. A sha kafin ƙishi ya matsa, a ci abu mai gishiri, a kuma duba fitsari: in ya yi duhu ko ya ɗauke, jiki ya fara bushewa.

Mutanen Ostareliya na yau sun ɗauki darasi. Hanyar Larapinta, mai tsawon kilomita 223 daga Alice Springs zuwa dutsen Sonder, an kasa ta zango 12, an ajiye tankunan ruwa a kanta. Masu tafiya kan bi ta tsakanin Afrilu da Satumba, lokacin sanyinsu, domin da zafi yanayi kan haura digiri 40. Ko a lokacin, da bargo ake tafiya, don sanyin dare kan kai ruwa ya daskare.

Mu ma ba baƙin wannan ilimi ba ne. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Ayar zuwa Fachi da Bilma ba ya tashi sai damina ta wuce, wajen Oktoba. Madugu ya san taurari, ya san kwanaki nawa ne tsakanin ruwa da ruwa, yana ɗora wa raƙuma damman ciyawa domin babu kiwo a gaba, har yakan ajiye wasu a hanya saboda dawowa. Rawaninsa da riga mai yalwa kariya ce daga rana da iska. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga matashi ya dogara da taswirar wayarsa kaɗai. Waya tana da amfani, amma zafi na cinye batir, kuma sabis ba ya bin mutum cikin rairayi.

Sai kuma barin labari. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da ranar da za ka dawo, kuma kada ka sauya. Burke ya dawo sansaninsa na Cooper Creek ranar 21 ga Afrilu, 1861, 'yan awoyi bayan mutanen da ya bari suna jiransa sun tashi. Ya binne wasiƙa a gindin wani itace, bai bar wata sabuwar alama a jikinsa ba, don haka da aka dawo dubawa babu wanda ya san ya zo.

A wajenmu, yawancin masu taka hamada da ƙafa ba yawon buɗe ido suka fita ba. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 kusa da iyakar Aljeriya, galibi mata da yara, bayan motocin da suka ɗauko su daga Arlit sun lalace. Talauci ne ya fitar da su, ba ganganci ba, kuma nasiha ba za ta hana wasu bin sawunsu ba. Abin da za mu iya shi ne isar musu da ilimin: in mota ta mutu, a zauna kusa da ita a yi inuwa, domin an fi saurin hango mota a kan mutum, in tafiya ta zama tilas, a yi ta da asuba ko da dare. Ina roƙon gidajen rediyonmu da ƙungiyoyin direbobi su nemo tsofaffin madugai, su ba su fili su koyar da wannan da Hausa da Tamashek tun suna raye.