Mai Taɓin Hankali a Gida: Lallashi Ya Fi Mari

Akwai wata matsala da ke damun gidajen ma'aikata a Kano wadda ba a cika yin maganarta a fili ba, ko da yake da wuya a sami unguwar da ba ta san ta ba. Matsalar kuwa ita ce ta mutumin da hankalinsa ya taɓu, danginsa sun gani, abokan aikinsa sun gani, amma shi ya kafe a kan cewa lafiyarsa ƙalau, babu asibitin da za shi, babu kuwa maganin da zai sha. Dangi su rasa yadda za su yi da shi. Daga ƙarshe ko dai su zuba masa ido har ya shiga titi, ko kuwa su taru su danne shi su sa masa mari. Duka biyun kuskure ne, akwai kuma hanya ta uku wadda ta fi su.

Ya kamata a fara duban halin da ma'aikacin masana'anta ke ciki. Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, daga baya aka buɗe Sharada da Challawa, aka cika su da masaƙu da majemu da kamfanonin roba da na mai da na kayan abinci. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga kuma ƙarancin wutar lantarki da kwararowar yadin ƙasashen waje, kamfanoni da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuwa da dama daga cikinsu leburorin wucin gadi suke ɗauka. Saboda haka wanda ya sami aiki a can yakan riƙe shi da hannu bibbiyu. Galibin ma'aikatan nan samari ne da magidanta masu ƙananan shekaru, wasu sun baro ƙauyukansu sun kama ɗakin haya a Dakata ko Ja'en ko Panshekara, nesa da iyayen da za su lura da su idan halinsu ya fara canzawa.

Shekarun nan na ƙuruciya su ne kuwa lokacin da babban ciwon taɓin hankali, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, ya fi kama mutum, watau daga ƙarshen samartaka zuwa wajen shekara 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ke fama da shi a duniya, watau kamar mutum 1 cikin 300. Yakan fara a hankali. Mutum ya daina barci, ya janye daga jama'a, ya daina kula da wanka da tufafinsa, sa'an nan ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ko ya tabbatar wa kansa cewa abokan aiki sun haɗa masa kai, ko ana sa masa guba a abinci. Aikin masana'anta ba shi ke haddasa ciwon ba. Amma rashin barci na aikin dare, da tabar wiwi da ƙwayoyin da wasu ke sha wai don su jure wa aiki, suna iya tayar da shi ga wanda yake da shi a kwance, suna kuma tsananta shi.

Me ya sa mai wannan ciwo yake ƙin magani? Dangi sukan ɗauka taurin kai ne. Binciken likitoci ya nuna cewa wajen rabin masu ciwon ba su iya gane cewa ba su da lafiya, domin ciwon ya taɓa sashen tunanin da mutum yake auna kansa da shi. Muryar da yake ji, a wurinsa gaskiya ce kamar yadda mai lafiya yake jin kiran salla. Ban da wannan, yana da wasu dalilai waɗanda ko mai cikakken hankali zai yarda da su. Yana tsoron a kira shi mahaukaci, sunan ya bi shi har ya hana shi aure, ya hana ƙannensa mata. Yana tsoron idan manaja ya ji an kai shi Dawanau, washegari takardar sallama ce. Wataƙila kuma ya taɓa ganin wanda magani ya sandarar wa jiki, yana tafiya yawu na zuba.

Idan aka fahimci haka, za a ga dalilin da ya sa gardama ba ta yin amfani. Duk lokacin da aka ce masa abin da yake ji ƙarya ne, sai ya sa mai faɗar a cikin jerin abokan gābansa. Haka nan yaudara. Wasu sukan ce masa za a je biki ko kasuwa, sai ya tsinci kansa a ƙofar asibiti. Wasu sukan niƙa ƙwaya su zuba masa a koko ko shayi ba da saninsa ba. Ranar da ya gane, an tabbatar masa da zargin gubar da yake yi ke nan, daga nan ba zai ƙara cin abincin gidan ba, ga shi kuma ba wanda ya san adadin maganin da ya shiga cikinsa.

Mari da turu da bulala su ne mafi muni. A 2018 wani shirin BBC a kan shan kodin ya nuna samari a ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya, sa'an nan aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. A watan Agusta na 2020 kuma aka ceto wani mutum a Kano wanda iyayensa suka kulle shekara da shekaru a cikin gareji. Mafi yawan dangin da ke kai nasu irin waɗannan wurare ba mugunta ce ta sa su ba, gajiya ce da rashin sanin abin yi. Amma mari bai taɓa kashe muryar da ke cikin kan mutum ba, abin da yake kashewa shi ne amincin da ke tsakaninsa da danginsa, alhali da amincin nan ne kaɗai za a ja shi ya yi shekaru yana shan magani.

To, wace ce hanya ta uku? Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Dokta Xavier Amador, wanda ɗan'uwansa ya yi fama da wannan ciwo, ya tsara ta a matakai huɗu: a saurara, a nuna tausayi, a nemi abin da aka yi tarayya a kansa, sa'an nan a yi aiki tare. Babu wani baƙon abu a ciki ga Bahaushe, domin lallashi ne da aka ba shi tsari. Sai a zaɓi mutum ɗaya wanda majinyacin yake jin nauyinsa, ko kawu ne, ko yaya, ko malaminsa na allo, kada a tara masa taron dangi kamar mai laifi a gaban alƙali. Wannan mutum ya zauna ya saurare shi har ya gama, ba ƙaryatawa, ba kuwa gaskatawa. Idan ya ce ana binsa, ana iya ce masa: "Ni ban ga masu bin ka ba, amma na ga kana cikin tsoro, abin kuma ya dame ni."

Daga nan sai a nemi abin da shi kansa yake kuka da shi. Mai taɓin hankali ba zai yarda yana da taɓin hankali ba, amma yakan yarda ba ya samun barci, ko kansa yana ciwo, ko yana tsoron a kore shi daga aiki. Nan ƙofar take. Yayansa yana iya cewa: "Ƙanena, kwana nawa rabonka da barci? Mai aiki a gaban inji ba ya zama haka. Zo in raka ka wurin likita ya duba wannan, don kada aikinka ya kuɓuce." Wannan magana gaskiya ce, ba dabara ba ce, kuma kada a ɓoye masa irin likitan da za a gani. A bar masa zaɓin rana da na wanda zai raka shi. Idan ya ƙi yau, a bar maganar a sake ɗauko ta jibi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sau da yawa majinyaci ko iyayensa sukan ce aljanu ne ko sammu, saboda haka wurin malam za su. Babu amfanin a tsaya jayayya a kan wannan. Abin da ya dace shi ne a ce a yi addu'a a kuma je asibiti, muddin dai babu duka, babu ɗauri, babu hana shan magani. Nijeriya ce ta koya wa duniya wannan darasi. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna majinyata sun fi samun sauƙi idan malamai da masu maganin gargajiya suka haɗa hannu da ma'aikatan asibiti. Limamin unguwa da ya ce wa saurayi ya sha maganinsa yakan yi tasirin da likita goma ba su yi ba.

Wuraren zuwa suna nan. Akwai asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai kuma asibitocin Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Ba kowa ake kwantarwa ba, da yawa ana duba su ne a ba su magani su koma gida. Wajibi ne dangi su san cewa maganin yakan ɗauki makonni kafin amfaninsa ya bayyana sosai, kuma yana iya kawo kasala ko rawar hannu ko sandarewar jiki ko ƙiba. Idan haka ta faru, a koma wurin likita ya rage ko ya canza, kada a raina kukan majinyaci, domin wannan kukan ne yake sa mutane su jefar da magani. Wanda shan ƙwaya kullum yake yi wa wuya, akwai allurar da ake yi bayan mako biyu ko wata guda. Kada a daina magani don an ga sauƙi sai da izinin likita, kada kuma a saya a kyamis da ka.

Mai karatu zai iya cewa, ai lallashi ɓata lokaci ne, kafin a shawo kansa ya ji wa kansa ko wani ciwo. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin jinkirin magani yana ƙara wa ciwon tsanani, shi ya sa ya kamata a fara lallashin tun ranar da aka ga alamar farko. Lallashi kuma yana da iyaka. Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ko ya ɗauki makami, ko ya daina ci da sha, to lokacin jira ya wuce. A kawar da wuƙa da igiya da fiya-fiya daga ɗakinsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar ko da bai yarda ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Sabuwar dokar ta fifita jinya da yardar majinyaci, ta kuma shimfiɗa sharuɗɗan kwantar da shi ba da yardarsa ba. Ke nan tilas, idan ta zama dole, aikin asibiti ce a ƙarƙashin doka. Ɗakin bayan gida da kwaɗo a ƙofa ba su cikin abin da aka yarda da shi.

Saura masu kamfanoni, domin rabin maganar a hannunsu take. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun jinya na kwana 12 a shekara da albashinsa, bisa shaidar likita. Kwana 12 ba su isa maganin taɓin hankali ya kama jiki ba, leburan wucin gadi kuwa ko waɗannan ɗin bai cika samu ba. Muddin ma'aikaci ya san zuwa asibiti daidai yake da rasa abincinsa, zai ɓoye ciwonsa ya ci gaba da tsayawa a gaban injin da ke iya cire masa hannu. Sabuwar dokar ta hana a nuna wa mutum bambanci a wurin aiki saboda wannan ciwo, amma doka ba ta aiwatar da kanta. Ya kamata rassan Ƙungiyar Masu Masana'antu na Bompai da na Sharada da Challawa su zauna da ƙungiyoyin ƙwadago su amince cewa za a ajiye wa mai jinya gurbinsa, idan ya dawo a ɗauke masa aikin dare, a kuma rufa masa asiri. Tun da likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta horar da nas-nas na ɗakunan shan magani na kamfanoni da na unguwannin ma'aikata su iya gane ciwon da wuri, bisa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shi tun 2008.

A gidaje da yawa ma'aikacin gwamnati ko ɗalibin jami'a shi ne wanda ake jira a ji ta bakinsa idan irin wannan ta taso. Ya kamata ya zama shi ne zai hana a kira maƙeri, shi ne zai riƙe katin asibiti ya tuna ranar komawa, ya kuma raba wa dangi nauyin kuɗin magani da na zaman jinya, don kada a bar uwa ko matar majinyaci ita kaɗai har ita ma ta kwanta. Mutane da yawa masu wannan ciwo sun sami sauƙi sun koma bakin aikinsu suna riƙe da iyalinsu, galibinsu kuwa saboda sun sami wani a gida wanda bai gaji da su ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri.