Ciwon manya, haukan talaka

Ran 14 ga watan Mayu na shekara ta 2011, ƴan sanda suka shiga jirgin Air France da ke shirin tashi daga New York zuwa Paris, suka fito da Dominique Strauss-Kahn. Sunan ba baƙo ba ne ga kunnen ƴan Nijar: shi ne shugaban FMI a lokacin, asusun nan da ma'aikatan ƙasar nan suka san ɗacin sharuɗɗansa tun zamanin tsuke bakin aljihu, kuma shi ake ganin zai iya kada Nicolas Sarkozy a zaɓen 2012 ƙarƙashin tutar jam'iyyar PS. Wadda ta kai ƙararsa, Nafissatou Diallo, ƴar ƙasar Gine ce mai shekara 32, aikinta shara da gyaran gado a otel ɗin Sofitel. Ta ce ya auka mata da ƙarfi cikin ɗakin da ta shiga gyarawa.

Wajibi ne a faɗi tun da fari cewa kotu ba ta kama shi da laifi ba. Ran 23 ga watan Agusta aka kori ƙarar, bayan mai gabatar da ƙara ya ce matar ta yi ƙarya a waɗansu batutuwa, har da labarin da ta bayar lokacin neman mafaka. Shi kuwa ya ce babu tilas a ciki, kuskure ne ta fuskar ɗa'a. A watan Disamba na 2012 suka sasanta kan kuɗin da ba a bayyana ba. Abin da ya wakana cikin ɗakin, su biyu ne da Mahaliccinsu. Abin da ya wakana a waje kuwa, duniya ta ji shi da kunnenta.

Tun ba a saurari shaida ko ɗaya ba, wani binciken jin ra'ayi ya nuna kashi 57 cikin 100 na Faransawa sun gaskata cewa makirci aka ƙulla masa. Jack Lang, tsohon minista, ya tunatar da jama'a cewa ai ba a kashe kowa ba. Ɗan jarida Jean-François Kahn ya kwatanta lamarin da ɗage zanen ƴar aiki, wato abin da iyayen gida suka saba tun kaka da kakanni. Daga baya ya nemi gafara, amma magana zarar bunu ce. Mata suka fito zanga-zanga a Paris, masu sharar otel suka taru a ƙofar kotun New York ran 6 ga watan Yuni suna yi masa tir. Fushin nan bai faɗo daga sama ba. Waɗanda ke kuka da zafinsa su ne suka hura wutar da bakinsu.

Da makirci ya ƙi ci, raini kuma ya jawo tsiya, sai aka ɗauko hujja ta uku. A ƙarshen watan Agusta, Michel Rocard, tsohon firaminista, ya faɗa a telebijin cewa mutumin yana da ciwon ƙwaƙwalwa, ba ya iya riƙe sha'awarsa. Shi ma ya nemi gafara. Rocard ba likita ba ne, bai auna kowa ba, amma ya furta abin da manya ke so a riƙa faɗi duk sa'ad da ɗayansu ya shiga hannu: ba zalunci ba ne, lalura ce. Shekara biyu bayan haka, magajin garin San Diego na Amurka, Bob Filner, wanda mata fiye da goma suka zarga da taɓe-taɓe da maganganun banza, ya ce zai tafi jinya ta mako biyu. Mako biyu! Ko zazzaɓin damina yakan fi haka daɗewa a jikin talaka.

Wane irin ciwo ne wannan da ya san na sama ya san na ƙasa? Ba ya tashi a gaban shugaban ƙasa, ba ya tashi a zauren taro, sai an rufe ƙofa an bar mai muƙami da wadda abincinta ke hannunsa. Idan kuwa har ciwon ne, to laifin abokansa ya ninka, don ba su rasa alamu ba. A 2008 FMI ta binciki hulɗarsa da wata ma'aikaciya da ke ƙarƙashinsa, ta ce babban kuskure ne, ta bar shi bisa kujera. A 2007 marubuciya Tristane Banon ta ba da nata labarin a telebijin, aka toshe sunan mutumin. Mahaifiyarta, zaɓaɓɓiya ce ta jam'iyyar PS, ta amsa cewa ita ta hana ta kai ƙara. Da ta kai a 2011, masu gabatar da ƙara na Paris suka ce akwai alamun cin zarafi, amma wa'adin shari'a ya wuce. Wannan mutum ne jam'iyya ke shirin danƙa wa ragamar ƙasa mai makaman nukiliya, kuma ba a ji wanda ya kira likita ba sai da ankwa ta shiga hannu.

Ba wai lafiyar hankalin wanda ake zargi abin wasa ba ce. A gidan kason Rikers an sa wa Strauss-Kahn ido don gudun kada ya halaka kansa, kuma daidai ne. A watan Nuwamba na 2017, Carl Sargeant, minista a gwamnatin yankin Wales ta Birtaniya, ya kashe kansa kwana huɗu bayan an tuɓe shi bisa zargin da ba a ma gaya masa dalla-dalla ba. Wanda aka zarga yana da haƙƙin a faɗa masa laifinsa, a saurare shi, a kula da shi. Sai dai kulawa daban, wanke laifi daban. Kuma wa ya tambayi halin da hankalin Nafissatou ke ciki ranar da jaridar New York Post ta kira ta karuwa a shafin farko?

Akwai kuma waɗanda aka zalunta ba tare da an ambaci sunansu ba. Masu taɓin hankali na gaskiya, irin waɗanda ke kwance a Pavillon E na babban asibitin Yamai, galibinsu ba su taɓa kowa ba. Su ake jifa, su dangi ke ɓoyewa a ƙuryar gida. Duk wanda ya laƙaba wa ciwonsu halin masu cin zarafin mata, ya ɗora musu kayan da ba su ɗauka ba, don kawai a sauƙaƙe wa mai kwat da lauyoyi.

Da manyan Faransa sun so duba mara lafiya, da dokarsu suka fara dubawa. Ran 4 ga watan Mayu na 2012 kotun tsarin mulki ta soke dokar hana matsa wa mutum don neman lalata, saboda an rubuta ta a dunƙule ba tare da fayyace laifin ba. Wanda ya nemi a soke ta tsohon depite ne, Gérard Ducray, da aka hukunta da ita. Ƙararrakin da ke gaban alƙalai bisa wannan doka suka zube, matan da suka yi ƙarfin halin kai su suka koma gida hannu rabbana, kuma sai ran 6 ga watan Agusta aka sa hannu kan sabuwa.