Ragon layya daga hantsar tunkiya yake farawa

A lungunan Yakasai, Mandawari da Dala, gidaje da yawa ba sa rasa tunkiya ɗaure a turke. Ga matan cikin birni ita ce asusu: ta haihu, a yi kiwon ɗan, a sayar gab da Babbar Sallah a biya kuɗin makaranta. Sai dai mun fi duba ƙibarta da kyan gashinta, ba kasafai muke duba hantsarta ba.

Mu Hausawa ba mu cika shan nonon tumaki ba, shi ya sa muke ganin lafiyarsa ba ta shafe mu ba. Alhali jaririn rago, na Balami ne ko Uda ko 'Yankasa, a makonninsa na farko da dakashi da nonon uwa kaɗai yake rayuwa.

Idan ƙwayoyin cuta suka shiga ta kan nono, jiki yakan tura fararen ƙwayoyin jini su yaƙe su, sai su kwarara cikin nonon. A hantsa mai cuta yawansu kan haura miliyan 1 a mililita guda. Abin tsoron shi ne sau da yawa babu kumburi, babu zafi, nonon ma fari tas, amma yana raguwa. Sai ɗan ya yi ta ramewa, a ce maita ce ko kambun baka. In aka bari, ɓangare guda na hantsar ya taurare ya mutu.

Tun 1957 aka ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi a Kalifoniya ta Amurka: a tatsi nono kaɗan a faranti, a zuba ruwan magani, in ya yi yauƙi akwai cuta. Minti ɗaya ya isa. A ganina ya kamata asibitin dabbobi na Gwale da masu bincike na NAPRI da ke Shika su kai wannan gwaji unguwanni, a haɗa shi da rigakafin dabbobi, a kuma horar da mata su shiga gidaje.

Mu ma da aikinmu. A riƙa kwashe taki, a bar turke a bushe musamman da damina, a taɓa hantsa kowane mako, kuma a daina yi wa dabba allura ba da shawarar likita ba. Tunkiyar da ta ɗauki ciki wata biyar ta cancanci wannan kulawa.